Babi Na Shida: Taragon Kaya, Daga Kan Dogo Zuwa Kan Teburi

Duk wanda ya tsaya bakin dogo jirgi na wucewa, kan jirgin yake kallo. Shi ne mai hayaƙi da jiniya, shi ake ɗauka hoto, shi ake raɗa wa suna, in ya tsufa kuma shi ake gogewa a kai gidan tarihi. Taragan kayan da yake ja kuwa, sai dai yara su yi wasan ƙirga su. Alhali kuɗin da manyan kamfanonin jirgin ƙasa suka rayu da shi, galibinsa daga cikin waɗannan taragai ya fito. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tun asali ma don kaya aka shimfiɗa dogo. Layin Stockton zuwa Darlington da aka buɗe a Ingila a 1825, kwal aka gina shi ya kwasa daga ma'adinai zuwa bakin ruwa. Saboda haka mai son ya san abin da wata ƙasa take nomawa, da abin da take haƙowa, da abin da take ci a wani zamani, ya dubi taragan kayanta. A wannan babi za mu bi tarihin taragon kaya a Amurka, inda aka fi ko'ina yawansa, sannan mu ga yadda wasu mutane suka mayar da ƙera ƙananan samfuransa wata hanya ta adana tarihi.

Zamanin katako da yatsun da suka salwanta

Taragon farko a Amurka ba wani abu ba ne illa dandamalin katako a kan tayoyin ƙarfe. Da aka ga ruwan sama da ƙanƙara da ɓarayi suna ɓarna, sai aka yi masa bango da rufi da ƙofa mai zamewa a kowane gefe. Wannan taragon akwati shi ya zama uban tafiya na fiye da shekara ɗari. Hatsi, fulawa, katako, takalma, kayan ɗaki, har motoci, duk a cikinsa aka yi jigilarsu.

Katako yana da arha a Amurka ta wancan lokaci, amma yana da aibi: in tarago ya yi tsawo, nauyin kaya sai ya sa tsakiyarsa ta lotsa. Maganin da magina suka samo shi ne sandunan ƙarfe da ake ja ta ƙarƙashin tarago daga wannan kai zuwa wancan, da wani noti a tsakiya da ake murɗawa a ƙara ɗaurewa duk lokacin da katakon ya saki. Duk hoton da ka ga waɗannan sanduna a ƙarƙashin tarago, to ka san na zamanin katako ne.

Wahalar gaske tana wajen haɗa taragai da tsayar da su. Mahaɗin da ake amfani da shi zoben ƙarfe ne da fegi. Ma'aikaci zai shiga tsakanin taragai biyu, ɗaya na tahowa, ya riƙe zoben da hannu ya saita shi cikin bakin ɗaya taragon, ya zare hannu, ya jefa fegi. In ya makara da ƙiftawar ido, yatsu sun tafi, wani lokaci ma rai. Birki kuma na hannu ne, ana murɗa shi daga saman rufi. Direba na busa jiniya, masu birki za su riƙa gudu a kan rufin jirgi mai tafiya, suna tsallake daga tarago zuwa tarago, ko da dare ne, ko ƙanƙara na zuba.

Mutum biyu suka kawo mafita. George Westinghouse ya yi rajistar birkin iska a 1869, ya kuma inganta shi a 1872. Dabarar ita ce a bi jirgin da bututu ɗaya cike da matsattsiyar iska, kowane tarago da ɗan tankinsa. Muddin iska na cike a bututun, birki a sake yake. Da ta ragu sai ya kama. Ma'ana, ko jirgi ya tsinke gida biyu, kowane ɓangare zai tsaya da kansa. Shi kuma Eli Janney a 1873 ya fito da mahaɗi mai kullewa da kansa da zarar taragai sun gwaru. Amma kamfanoni suka yi ta jan ƙafa saboda tsadar sauya dubban taragai, sai da majalisar dokokin ƙasar ta kafa doka a 1893 ta tilasta musu, dokar da ba ta fara aiki sosai ba sai 1900.

Tarago ba shi da gida

Akwai wani abu da ya bambanta taragon kaya da kan jirgi. A wancan zamani kan jirgi ba kasafai yake barin layin kamfaninsa ba. Tarago kuwa in an loda shi a Boston za shi Kalifoniya, ba a sauke kayan a hanya. Haka zai riƙa wucewa daga hannun wannan kamfani zuwa wancan har ya isa. Wannan ya sa dole kowa ya bi ƙa'ida ɗaya. A 1867 shugabannin maginan taragai suka kafa ƙungiyarsu domin daidaita tsayin mahaɗi da girman taya da sauran sassa, yadda makaniki a ko'ina zai iya gyara taragon kowa. A ƙarshen Mayu da farkon Yunin 1886 kuma, kamfanonin kudancin ƙasar suka tara dubban leburori suka matso da dogonsu cikin kwana biyu, domin faɗinsa ya dace da na arewa.

Daga nan ne rubuce-rubucen jikin tarago suka samo asali. Akwai haruffan mai shi da lambar taragon. In haruffan sun ƙare da X, to ba na kamfanin jirgi ba ne, na wani ɗan kasuwa ne ko kamfanin haya. Akwai nauyinsa in babu kaya, da iyakar abin da zai ɗauka, da watan da shekarar da aka gina shi. Akwai kuma tashar da aka ɗora shi a sikeli na ƙarshe da kwanan watan awon, domin katako na shan ruwa yana bushewa, gyare-gyare kuma na sauya nauyi, kuɗin dako kuwa da nauyi ake lissafa shi. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kowane kaya da taragonsa

Da aka haƙo man fetur a Pennsylvania, a ganga ake zuba shi. A 1865 Amos Densmore ya ɗora manyan tankunan katako biyu a kan dandamali, daga nan taragon tanki ya faro, kafin a koma na ƙarfe a kwance.

Labarin taragon sanyi ya fi armashi. A da, shanu da ransu ake lodawa daga Chicago zuwa biranen gabas. Su rame a hanya, wasu su mutu, sannan a biya dakon ƙashi da kofato da kayan ciki da ba a sayarwa da daraja. Wani mahauci mai suna Gustavus Swift ya ga ya fi riba a yanka a Chicago a tura nama. Wajen 1878 injiniyansa Andrew Chase ya tsara masa tarago mai ma'ajiyar ƙanƙara wanda iska mai sanyi ke zagayawa cikinsa. Manyan kamfanonin jirgi suka ƙi ɗauka don kada su rasa dakon shanu, sai ya bi ta layin Grand Trunk da ke ratsa Kanada. Cikin 'yan shekaru kasuwar nama ta juya. A 1906 kamfanonin Union Pacific da Southern Pacific suka haɗa hannu suka kafa Pacific Fruit Express, mai kai lemo da latas da inabin Kalifoniya gabas. Kowane tarago na cin ƙanƙara kusan tan biyar, kuma akwai tashoshi a hanya inda ma'aikata ke tura sandunan ƙanƙara ta ƙofofin rufi. Na nama har gishiri ake haɗawa don sanyin ya ƙara ƙarfi.

Masu waɗannan taragai sun mayar da jikinsu allon talla, da manyan haruffa da launuka masu ɗaukar ido. A 1934 hukumar da ke kula da sufuri tsakanin jihohi ta hana, kuma zuwa 1937 sun ɓace daga dogo.

Ƙarfe ya fara korar katako ne a ƙarshen ƙarni na 19, da taragan kwal da tama masu zubar da kaya ta ƙasa. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, gwamnatin Amurka ta karɓe ragamar jiragen ƙasa daga ƙarshen 1917 zuwa 1920, ta tsara taragai iri ɗaya, ta sa aka gina kusan 100,000 ta rarraba wa kamfanoni. Kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania ya biyo da taragonsa na ƙarfe zalla mai suna X29 daga 1924, ya gina kusan 30,000. Sai tsarin ƙungiyar kamfanonin jirgi na 1937, mai tsawon ƙafa 40, wanda ya zama fuskar jirgin kaya na tsakiyar ƙarnin. Daga baya manyan motoci da kwantena, wadda Malcom McLean ya fara lodawa a jirgin ruwa a 1956, suka kwashe yawancin kayan taragon akwati.

Tsofaffin taragan fa? Na katako cinna musu wuta ake yi a tsince ƙarfen cikin toka. Na ƙarfe a yayyanka a narkar. Iri da yawa da aka gina dubbai, ko ɗaya bai saura ba. Nan ne masu ƙera samfuri suka shigo.

Daga kayan wasa zuwa ma'auni

Jirgin wasan yara ya girmi wannan sha'awa. Kamfanin Märklin na Jamus ya baje jiragen wasa masu daidaitaccen dogo a kasuwar baje koli ta Leipzig a 1891, Lionel kuma ya kafu a New York a 1900. Amma waɗannan ba su damu da daidaiton awo ba. Samfuri na gaske shi ne wanda aka rage kowane sashe nasa da lissafi ɗaya.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, wato kashi ɗaya cikin 87. Kowace ƙafa ɗaya ta zama milimita uku da rabi, faɗin dogo kuma milimita 16.5. Taragon ƙafa 40 ke nan ya koma santimita 14. Akwai O, ɗaya cikin 48 a Amurka. Akwai N, ɗaya cikin 160. Akwai Z da Märklin ya fitar a 1972, ɗaya cikin 220. Mutanen Birtaniya kuwa sun riƙe OO, ɗaya cikin 76, a kan dogon HO.

A 1934 Al Kalmbach ya fara buga mujallar Model Railroader a Milwaukee. Shekara guda bayan haka, a garin, aka kafa ƙungiyar masu wannan sha'awa ta ƙasa, NMRA. Matsalar da ta tara su ita ce dai wadda ta tara maginan taragai a 1867: taragon wannan ba ya tafiya a dogon wancan. Suka fitar da ƙa'idar taya da dogo da tsayin mahaɗi. Har nauyi suka ƙayyade, domin lissafi kaɗai ba ya isa. Taragon ƙarfe da babu kaya yana da nauyin kusan tan 20. In aka rage shi daidai da ma'aunin HO giram 30 zai zama, kuma mai wannan nauyi da an shiga kwana zai kauce. Saboda haka ake liƙa masa ƙarfe a ciki har ya kai wajen giram 100.

Samfuran farko da katako da kwali da dalma ake haɗa su. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu roba ta shigo, kamfanin Athearn ya cika kasuwa da taragai masu arha da ake harhaɗawa cikin mintuna kaɗan, 'yan'uwa biyu Keith da Dale Edwards kuma suka ƙera mahaɗin Kadee, wanda ke kullewa da kansa, maganaɗisu ya buɗe shi. Sai dai arhar tana da farashi. Mazubin ƙarfe na roba yana da tsada, don haka kamfani zai yi tarago iri ɗaya ya shafa masa fentin kamfanonin jirgi barkatai, har da waɗanda ba su taɓa mallakar irinsa ba.

Wasu ba su yarda da haka ba. Daga shekarun 1980, mutane irin su Al Westerfield suka fara zuba taragai da wani ruwan roba mai daskarewa a mazubi mai laushi, wanda ba shi da tsada, don haka ko mutum ɗari ne kawai ke son wani tarago ana iya yi musu. Cikin kwalin har da takardar tarihin taragon. A yau kuma mutum na zana tarago a kwamfuta, injin ɗab'i mai fitar da siffa ya gina masa shi.

Mai samfuri, masanin tarihi

Mu ɗauka wani ya ce zai gina wata tasha a jihar Iowa kamar yadda take a kakar 1948. Kafin ya taɓa gam ko fenti, tambayoyi sun yi masa layi.

Wane tarago ne yake raye a wannan shekara? Zai buɗe rajistar kayan aikin jiragen ƙasa da ake bugawa duk wata uku, wadda ke jera taragan kowane kamfani da lambobinsu da awonsu da adadin da ya rage. Ba zai sa taragon talla mai manyan haruffa ba, don sun ɓace tun 1937. Ba zai sa tsohon firam ɗin tayoyi na sandunan ƙarfe da noti ba, don an daina karɓar irinsa tsakanin kamfanoni tun wajen 1940. Birki kuwa zai iya haɗa tsoho da sabo, domin sabon tsari ya fito a 1933 amma ba a kori tsohon ba sai farkon shekarun 1950. Dole ya sa katakon tafiya a kan rufi, wanda sai 1966 aka daina yi wa sababbin taragai. Kwanan watan awon da ke jikin tarago kuma kada ya wuce 1948, kada ya yi nisa baya. Sannan tunda tarago ba shi da gida, jirginsa ba zai zama na kamfani ɗaya zalla ba. Sai an ga na Pennsylvania da na New York Central a ciki, don su suka fi kowa yawan taragai, suna ko'ina.

Daga nan sai aikin hannu. Mariƙin ƙarfen da ma'aikaci ke kamawa ya hau tarago kaurinsa bai kai inci ɗaya ba. A HO waya ce mai kaurin kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita, a lanƙwasa ta, a huda mata rami biyu, a cusa da hantsaki. Kan ƙusoshi ana ƙirga su layi-layi, har ake yi wa masu tsananin nan ba'a da masu ƙirgar ƙusa. Launi ma abin gardama ne. Yawancin taragai jan fenti mai arha na tsatsar ƙarfe aka shafa musu, amma jan kowane kamfani daban, rana da hayaƙi kuma sun ƙara sauya shi. Shi ya sa hotuna masu launi da Jack Delano ya ɗauka wa gwamnati a filayen jiragen Chicago a 1942 da 1943, waɗanda ke ajiye a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, suka zama hujjar da ake komawa gare ta.

Aiki na ƙarshe shi ne tsufar da samfurin. Taragon da ke aiki ba ya sheƙi. Da garin alli da tsinkakken fenti ake yi masa baƙin hayaƙi a rufi, da zirin tsatsa ƙarƙashin ƙofa, da ƙura a gindi, har da rubutun allin da ma'aikatan tasha ke yi. John Allen na garin Monterey a Kalifoniya na cikin waɗanda suka yaɗa wannan fasaha. Ya rasu a Janairun 1973, kwanaki kaɗan bayan haka gobara ta cinye shahararren dogon da ya gina a gidansa, sai hotuna suka rage.

Amfanin wannan naci ya wuce nishaɗi. Masu samfuri ne suka cika ƙungiyoyin tarihin kamfanonin da suka mutu, su ne ke bin zane-zanen injiniyoyi da hotunan magina kafin a zubar, su ne ke shiga gonaki da magwaji suna auna tsohon taragon da manomi ya mayar rumbu. Littafin da John H. White na gidan tarihin Smithsonian ya wallafa a 1993 kan taragon kaya na Amurka ya zama madogara gare su, su kuma suka ci gaba da cike tarihin shekarun da suka biyo bayan inda ya tsaya, tarago bayan tarago.

Namu taragan fa?

Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Auduga Turawa suka sa rai za su kwasa, sai manoma da fatake suka cika musu taragai da gyaɗa. Layin ya miƙa zuwa Ƙaura Namoda a 1929 da Nguru a 1930. Dalar gyaɗar da muke alfahari da ita, wani ɓangare na dalilin tsayuwarta shi ne jirgi ba ya iya kwashe buhunan da saurin da suke shigowa. Shanu da fatu sun gangara kudu a tarago, goro da gishiri da atamfa sun hauro. Akwai ma siririn layin da ya kwaso kuza daga Jos zuwa Zariya, wanda aka rufe a 1957.

Faɗin tsohon dogonmu ƙafa uku da inci shida ne, milimita 1,067, irin na Afirka ta Kudu da New Zealand. Masu samfuri a can sun riga sun warware lissafin: a ma'aunin HO ana amfani da dogo mai milimita 12, ko kuma a ɗauki ma'aunin ɗaya cikin 64 a ɗora kan dogon milimita 16.5. Hannu ma ba mu rasa ba. Ƙasar da yaranta ke ƙera mota da kara da langa-langa da waya, kuma take da maƙera da masassaƙa a kowane gari, ba za a ce ta rasa masu wannan aiki ba.

Abin da ke ƙarewa shi ne abin da za a auna. Tsofaffin taragai na nan yashe a gefen tashoshi suna tsatsa, masu jari-bola na hanƙoronsu, dattawan reluwe da suka san wanne ne na gyaɗa wanne ne na shanu kuma suna ta raguwa. Gidan tarihin Jaekel da ke Ebute Metta a Legas yana adana wani abu na tarihin jirgin ƙasar Najeriya, amma gida ɗaya ba zai ɗauke aikin ba. Mai karatu, in akwai tsohon tarago a tashar garinku, nemi izinin ma'aikata, ka ɗauke shi hoto ta ɓangarori huɗu, ka kwafe duk rubutun da ke jikinsa, ka auna tsawo da faɗi da tsayi, sannan ka nemi tsohon ma'aikaci ya faɗa maka abin da ya ɗauka. Da wannan kaɗai, ko an narkar da shi gobe, ana iya sake gina shi daidai.